Citizen, Seiko, Tudor ko Garmin: wanne za ki ɗaura ki shiga Bahar Maliya?

Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai gari ya waye in amsa miki a natse. Kin ce kin gama kwas ɗin nutso na farko a Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, kin karɓi katinki na mita 18, kuma ranar Asabar kukan fita da maigida a jirgin shira'i, wanda iska ke turawa. Kina son agogo guda da zai bi ki ƙarƙashin ruwa, ya bi ki cikin jirgi, ya kuma bi ki wurin aiki da gidan biki. Kewayen tsintsiyar hannunki santimita 15 ne. Huɗu kika lissafa: ƙaramin Citizen Promaster na mata, Seiko Prospex mai caji da haske, Tudor Black Bay 54 da maigida ya ce zai saya miki, sai Garmin Descent Mk2S irin wanda malamar nutsonki ke ɗaurawa. Citizen da Seiko ina da su a gida. Garmin na taɓa arowa na yi mako guda da shi. Tudor kuwa a hannun wata ƙawata nake ganinsa duk ranar da muka fita tare.

Ukun farko agogo ne. Garmin kwamfutar nutso ce da aka ƙera da siffar agogo, kuma wannan bambancin ya fi duk sauran girma. Agogo mai zoben ƙirga mintuna a kewayen fuskarsa abu ɗaya yake gaya miki a ƙasa: minti nawa kika yi tun da kika nutse. Bai san zurfin da kike ba, bai san yawan naitirojin da jikinki ya sha ba. A teburin iyakar lokacin nutso na PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, da aka koya miki, mita 18 iyakarsa minti 56, mita 30 kuwa minti 20 kacal. Mai agogo kaɗai sai ta haɗa da ma'aunin zurfi da tebur, ta yi lissafin da kanta. Kwamfuta ita ke wannan lissafin daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta yi miki ƙara idan kina tasowa da garaje, ta ƙirga miki minti ukun da ake dakatawa a mita 5. Da wuya yanzu ki hau jirgin nutso a Jidda ki ga wanda ya dogara da agogo shi kaɗai. Don haka ko wanne kika ɗauka cikin ukun nan, kwamfuta tana nan tana jiranki, ko ta haya ko taki. Agogon madogara ce ta biyu, don ranar da batirin kwamfuta ya ɗauke a tsakiyar ruwa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mutanen Jidda musamman. Bayan nutso ɗaya ana jiran aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso da yawa awa 18. Mutane sukan tuna da jirgi su manta da Ɗa'ifa. Garin ya haura mita 1,800 a sama da teku, kusan daidai da yanayin iskar da ke cikin jirgin sama. Wadda ta nutse da safe, da yamma kuma 'yan gida suka ce a hau titin Hada mai zuwa Ɗa'ifa a sha iska, ta sa kanta cikin haɗari iri ɗaya. Kwamfuta za ta nuna miki sauran awowin jira. Agogo ba zai ce miki uffan ba.

To, mu zo kan rubutun da ke fuskar agogo, don nan ake yi wa mata wayo. Agogon da aka rubuta masa 30M ko 50M na wankin hannu ne da yayyafi, iyakarsa ɗan iyo a sama. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6425, kuma agogon da ya cika ta ne ake rubuta masa DIVER'S. Sharuɗanta sun haɗa da jure aƙalla mita 100, gwaji da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100, iya karantawa a cikin duhu daga nisan santimita 25, jure ruwan gishiri da maganaɗisu da bugu, da kuma zoben ƙirga lokaci da ba zai gushe da kansa ba. Shi ya sa zoben ke juyawa ta gefe ɗaya kawai: in ya bugi dutse ya motsa, sai ya nuna kin daɗe fiye da gaskiya, ki fito da wuri. Citizen da Seiko duka an rubuta musu DIVER'S 200M. Tudor mita 200 kawai ya rubuta, da gwajin gidansa yake tafiya, amma ban taɓa jin mai nutso ya yi shakkarsa ba. Tun 1954 kamfanin ke ƙera agogon nutso, daga nan ma sunan 54 ya fito, kuma sojojin ruwan Faransa sun daɗe suna amfani da agogunansa.

Wannan darasi da hawaye na koye shi. Ina da wani agogo da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ba ni lokacin aurena, siriri mai 'yan duwatsu, an rubuta masa 50M. Na kai shi wani shago aka canza batir, aka rufe ba tare da an sake robar da ke toshe ruwa ba, ni kuma ban san ana tambaya ba. Na shiga da shi mita 12. Da na fito na ga hazo a ƙarƙashin gilashin, kamar numfashi a jikin madubi. Na sa shi a rana ina fatan ya bushe. Kwana biyu allurar daƙiƙa ta tsaya, da aka buɗe cikinsa ya yi jawur da tsatsa. Ruwan Bahar Maliya ba ya jira: gishirinsa ya kai wajen giram 40 a kowane kilo na ruwa, alhali yawancin tekunan duniya 35 ne. Har yau agogon na cikin akwatina, ba ya tafiya. Satin da ya biyo baya na sayi Citizen.

Girma. Citizen ɗin mata wajen milimita 34 ne, Tudor 37, Seiko 38.5, Garmin 43. Amma lambar da ta fi muhimmanci ba kasafai masu shago ke faɗinta ba: tsawon agogon daga ƙahon sama zuwa ƙahon ƙasa, wato inda maɗauri ke kamawa. Seiko da Tudor duka wajen milimita 46 suke. Ki ɗora rula a bayan tsintsiyar hannunki ki auna faɗin wurin. Idan ƙahonin sun zauna a ciki, agogon naki ne. Idan sun leƙo waje, zai riƙa juyawa yana dukan ƙashi komai tsadarsa. A hannu mai santimita 15, Citizen zai zauna kamar an auna, Seiko da Tudor su cika hannun ba su zuba ba, Garmin kuwa ya cika ya yi tozo, don kaurinsa ya haura milimita 14, alhali Seiko bai kai 11 ba, Tudor kuma ya ɗan ɗara 11. Makon da na ari Garmin, duk sanda zan sa abaya mai matsattsen hannu sai ya maƙale.

Sai dai a ƙasa ƙanƙanta ba ta da daɗi. Gilashin fuska ya ɗan yi hazo, ruwa ya ɗan gurɓace, kina riƙe da igiyar sauka da hannu ɗaya, a nan ne milimita huɗu da rabi da ke tsakanin Citizen da Seiko ke nuna kansu. Da Citizen sai na kawo hannu kusa da ido. Da Seiko kallo ɗaya ya isa. Kuma ki bar zancen launi. Jan launi shi ke fara ɓacewa cikin 'yan mitocin farko, saboda haka fuska mai ruwan hoda ko mai sheƙin bawon kawa da ke ɗaukar ido a shago, a mita 15 toka-toka take komawa. Baƙar fuska ko shuɗi mai duhu, da manyan fararen alamu masu haske a duhu, shi ne abin nema. Tudor kyakkyawa ne ƙwarai ta wannan fannin, amma zobensa alamar minti biyar-biyar kawai gare shi, babu ƙananan layuka na minti ɗaya-ɗaya. An yi haka ne don ya yi kama da kakansa na 1954. Zoben Seiko ya fi shi bayani.

Yanzu maganar da na fi so ki riƙe, maganar maɗauri, don mu tamu ta bambanta da ta matan da ake gani a tallace-tallace da hannu a buɗe. Mu da rigar nutso mai rufe jiki duka muke shiga, da hula, ko da rani ne ruwan ya kai digiri 30. Agogon a kan hannun riga yake zama. Riga mai kaurin milimita 3 tana ƙara wa kewayen hannu kusan santimita biyu, kenan hannunki na 15 ya koma kusan 17. Agogunan mata da yawa da gajeren maɗauri suke zuwa, ya isa fata bai isa riga ba. Sannan in kin sauka, kowace mita 10 tana ƙara matsi ninki ɗaya na iskar da ke sama, rigar ta matse ta yi siriri, agogon da kika ɗaure tam a cikin jirgi ya fara lilo, ya juya fuskarsa ta koma ciki. Wannan ne dalilin lanƙwasa-lanƙwasar nan da kike gani a robar agogunan nutso kusa da ƙaho, kamar zugazugi. Seiko ne ya fito da ita a 1975. Kina ja ki ɗaure da ɗan ƙarfi a sama, in riga ta matse sai robar ta tsuke ta bi ta.

Sarƙar ƙarfe ita ta fi kyau da abaya, ita kuma ta fi ba da wahala a nan. Maƙullin Tudor yana da wata dabara da ke ƙara tsawo har milimita 8 ba tare da kayan aiki ba. Tana da amfani sosai ranar da zafi ya kumbura hannu, amma ba ta kai santimita biyun da riga ke nema ba. Ƙawata takan naɗe hannun rigarta ta ɗaura shi a fata. Abin da ni nake yi shi ne maɗaurin ƙyalle na nailan, wanda ake kira NATO, mai ratsawa ta ƙarƙashin agogo. Ba shi da tsada, yana da tsawo, kuma yana da wata fa'ida babba: siraran ƙarafa biyu ne ke riƙe agogo da maɗaurinsa, in ɗaya ya ɓalle a roba ko sarƙa agogon ya tafi ƙasan teku kenan, a NATO kuwa ɗayan zai riƙe shi yana reto. Seiko da Tudor duka faɗin maɗaurinsu milimita 20 ne, wanda ko'ina ake samu. Na Citizen ya fi siriri, sai kin ɗan nema. Aibin ƙyalle ɗaya ne: yana shan ruwa. Bayan alwala sai ya yi ta danshi a hannu, in ba a wanke shi ba ya yi tsami. Shi ya sa nake da biyu, kuma ranakun aiki nake mayar da roba. Ni dai cire agogo nake yi in zan yi alwala, sau biyar a yini, don haka ki gwada buɗe maƙulli da rufewa da hannu ɗaya tun a shago.

Abin da ke tafiyar da su ma daban-daban ne. Citizen da Seiko haske suke ci, na rana ko na fitila, su adana. In sun cika sukan yi watanni a duhu suna tafiya. Amfanin wannan ga mai nutso shi ne ba a buɗe bayan agogon duk shekara biyu don canza batir, kuma kin ji abin da buɗewa ta jawo mini. Amma ga abin da ba a faɗa: mu hannunmu a rufe yake. Agogon da ke ƙarƙashin hannun abaya daga safe zuwa dare, daga mota zuwa ofis, da daddare kuma a jefa shi cikin durowa, yunwar haske yake yi a ƙasar da rana ta fi yawa. Nawa Citizen ya taɓa fara tsallen daƙiƙa biyu-biyu, alamar caji ya yi ƙasa. Tun daga nan nake ajiye su a bakin taga ranar Juma'a. Kada dai ki ɗora a gaban mota don ya yi saurin cika. Zafin da ke taruwa a wurin a watan Yuli yana lalata ma'adanar cajin da robobin ciki.

Tudor babu batir ko kaɗan, motsin hannunki ke wana shi. In kin ajiye yana yin awa 70, wato ki cire ranar Alhamis da yamma ki same shi yana tafiya Lahadi da safe. Garantinsa shekara biyar, kuma kamfanin na ba da shawarar a kai shi gyara wajen kowace shekara goma, gyaran da kuɗinsa zai iya sayen sabon Seiko. Garmin kuwa waya ce ta biyu: wajen mako guda yake yi a saka shi a caji, kuma batirinsa zai tsufa kamar na waya. An fito da Mk2S a 2021, zuwa 2023 har an fito da Mk3 mai milimita 43. Tudor 'yarki za ta gada. Garmin ba na jin zai kai nan.

A jirgin shira'i lissafin ya sake. Tun da Jidda ta karɓi zagayen share fage na gasar tseren jiragen shira'i ta America's Cup a ƙarshen 2023 nake ganin sababbin fuskoki a wannan harka, har da mata, abin yana faranta mini rai. In yawon shan iska kawai kuke yi, ko wanne cikin huɗun ya isa. In kuwa kuna shiga tsere, ana ba da alama saura minti 5, saura 4, saura 1, sannan a tashi, kenan ƙirgen baya kike buƙata, zoben nutso kuma gaba yake ƙirgawa. Dabarar ita ce ki juya zobe lambar 55 ta dace da allurar minti sanda aka busa ta farko. In allurar ta kai kan alamar sama, lokaci ya yi. Yana aiki, amma sai kin riƙa kallo, alhali hannunki na kan igiya idonki na kan sauran jirage. Garmin zai ƙirga ya girgiza miki hannu ba sai kin duba ba, ga taswirar inda kuka bi. Nan babu mai ja da shi.

Kuma jirgi ya fi teku cin agogo. Ƙarƙashin ruwa komai a hankali ake yi. A jirgi kuwa igiya ce ke fizga, ƙarfen naɗe igiya na dukan hannu, ana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan duk sanda aka juya. Siriri mara nauyi ya fi, kuma a nan ƙanƙantar Citizen ta zama alheri, don ba ya kama komai. Gilashin Seiko da na Tudor na safaya ne, wani irin gilashi mai tauri sosai, da wuya su karce. Abin da ban so shi ne in ga agogon da ya haura riyal 13,000 a hannun mai jan igiya. Ƙawata duk sanda iska ta tashi sai na ga ta dafe hannunta na hagu, rabin hankalinta na kan agogo. Citizen da Seiko kowanne bai kai riyal 2,000 ba lokacin da na saya, in ya karce ya karce.

Kulawa iri ɗaya ce ga duka. Kina fitowa ki tabbata kunnen saita lokaci a ɗaure yake, ki wanke agogon da ruwan daɗi, kina juya zoben a cikin ruwan har gishiri da yashi su fita. In kin bari ya bushe, washegari zoben zai yi tauri yana ƙara kamar ana niƙa. Kada ki taɓa kwance kunnen nan agogo na jiƙe. Turare kuma, wanda mu ba ma rabuwa da shi: man oud da humra da feshi ki shafa su bushe kafin ki ɗaura, don suna cin roba. Kada ki shiga wanka da ruwan zafi da shi. Sau ɗaya a shekara, ko kafin wata babbar tafiya irin ta Yanbu ko tsibiran Farasan, ki kai a gwada shi a injin matsi, ki tsaya a yi a gabanki.

Da ni ce ke, Seiko zan ɗauka, in sa canjin a kwamfutar nutso mai sauƙi. Tawa Suunto Zoop ce, ƙatuwa, ba ta shiga hannun abaya, ba na kuma nemanta da hakan. Cikin jakar kayan nutso take kwana. Seiko a hagu, kwamfuta a dama, in an fito a cire kwamfuta a tafi gida da agogo. Idan kin gwada kin ga ƙahonin Seiko sun leƙo, ki koma Citizen ba tare da jin an rage miki komai ba, mita 200 ɗin ɗaya ne. Garmin na wadda za ta riƙa nutso kowane mako ce tana kuma shiga tsere, wadda ba ta damu da caji da tozon hannu ba; ke da kika karɓi kati jiya-jiya, ki yi nutso ashirin tukuna ki ga ko abin ya kama ki. Tudor kuwa, in maigida ya nace, kyauta ce ki karɓa da godiya, ki sa shi ofis da biki da nutson bakin gaɓa, amma ranar iska a jirgi ki bar shi a gida ko ki mayar da shi kan NATO, kuma ki gaya masa har yanzu da sauran kuɗin kwamfuta.

Ranar da za ki shago, ko a Balad ko a titin Tahliya, ki tafi da rigar nutsonki a jaka, ki sa abayar da hannunta ya fi matsewa. Ki gwada agogon a fata, ki gwada a kan riga, ki ja hannun abaya ki ga ko zai wuce. Kafin nan, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina Abhur da safe, zan zo da Citizen da Seiko duka biyun ki shiga ruwa da su ɗaya bayan ɗaya.